Wa ya bi sawun ƙwayar? Tarihin dashen ɓargo da garin "sitem sel" da ake tallata mana

Tun da Gwamna Abba Kabir Yusuf ya sa hannu a dokar gwajin lafiya kafin aure a watan Mayun 2024, maganar AA da AS da SS ta baro asibiti ta shigo zaure. Daga Kiru zuwa Bebeji, Tudun Wada har Doguwa, yanzu ba abin mamaki ba ne ka ji waliyyi yana tambayar takardar gwaji kafin a tsayar da rana. Madalla da haka. Sai dai duk inda damuwa ta taru, masu neman na tuwo ba sa nisa. Ku duba guruf-guruf ɗinku na WhatsApp: wani gari a 'yar leda, ana zubawa a ƙarƙashin harshe, wai shi "sitem sel", wai yana warkar da sikila, yana tayar da mai shanyewar ɓarin jiki, har wai yana mayar da SS ya koma AA. Kuɗinsa kuwa sai an sayar da buhun masara.

Rubutun yana da ɗan tsawo, a yi haƙuri. Ina so ne mu bi tarihin abin tun daga tushe, domin tarihin da kansa yana ba mu tambayar da ya kamata a yi wa mai talla.

Da farko, mece ce ita wannan ƙwaya? Jikin mutum tarin ƙananan ƙwayoyin halitta ne. Na jini ba sa daɗewa: jajayen suna yin kamar kwana 120 su mutu, wasu fararen ma kwana kaɗan. To wa ke haifar sababbi? Wasu 'yan ƙwayoyi ne a cikin ɓargo, waɗanda ke iya haifar irinsu, su kuma haifi kowane nau'in ƙwayar jini. Su zan riƙa kira ƙwayoyin tushe. Mai sikila, ƙwayoyin tushensa ne ke ɗauke da S biyu, saboda haka duk jinin da suka haifa haka yake fitowa. In an canza tushen, jini ya canza. Kun ga ba ƙarya ba ce cewa ƙwayar tushe tana warkar da sikila. Maganar ita ce wace ƙwaya, ta ina ta shiga, a ina ta zauna, kuma wa ya ganta a can.

Duk wanda ya tashi a yankinmu ya san darajar shaida a jikin dabba. Wajajen 2015, lokacin da satar shanu ta yi ƙamari a dajin Falgore, in an ƙwato garke, bakinka kaɗai ba ya isa ka ce saniyar nan tawa ce. Sai ka faɗi tsagar kunnenta, ka faɗi alamar da ke jikinta. To ilimin nan gaba ɗayansa a kan wannan ya tsaya: yadda za a sa wa ƙwayar da ido ba ya gani shaida, a sake ta cikin miliyoyin 'yan uwanta, a dawo bayan watanni a gane ta.

Labarin ya fara ne da bala'i. Bayan bama-baman nukiliya da Amurka ta jefa a Hiroshima da Nagasaki a 1945, likitoci sun ga mutanen da wuta ba ta taɓa ba suna mutuwa bayan makonni, da zubar jini da zazzaɓi. Tururin bam ɗin, wato radiyeshin, ya kashe musu ɓargo. Gwamnatoci suka tsorata, suka zuba kuɗi a neman magani. A 1949 wani likita a Chicago, Leon Jacobson, ya haska wa ɓeraye radiyeshin mai kisa, amma ya rufe saifarsu da dalma. Sai ɓerayen suka rayu. A 1951 Egon Lorenz ya nuna cewa in aka yi wa ɓeran da aka haska allurar ɓargon wani ɓera, shi ma yana rayuwa.

Nan aka rabu gida biyu. Wasu, har da shi Jacobson, suka ce wani sinadari ne a cikin saifa da ɓargo ke farfaɗo da jikin ɓeran. Wasu suka ce a'a, ƙwayoyin baƙon ne da kansu ke kama wuri su yi gida. Kowa da hujjarsa, domin ɓeran dai ya rayu, kuma rayuwar tasa ba ta faɗin dalili. Ku riƙe wannan wurin da kyau. "Na sha na ji sauƙi" ba ya gaya maka abin da ya faru a ciki, ko a ɓera balle a mutum.

Shaida ce ta raba gardamar. A Harwell ta Ingila akwai wani irin ɓera da aka yi wa laƙabi da T6. A cikin kowace ƙwayar ɓera akwai 'yan sanduna 40 masu ɗauke da gadon halitta, ana ce musu kromozom (mutum yana da 46). Shi wannan ɓeran, ɗaya daga cikin sandunansa guntuwa ce ƙwarai, ana gane ta a maikiroskof. Tsagar kunne kenan. A 1956 Charles Ford da John Loutit da abokan aikinsu suka ɗebi ƙwayoyin wannan ɓeran suka sa wa waɗanda aka haska. Da suka duba ɓargon waɗanda suka rayu, sai ga guntuwar sanda a kusan duk ƙwayar da ke rabuwa. Jinin baƙo ne ke gudana a jikin mai gida. Suka kira irin wannan dabba kaimera, sunan wani dodo a tatsuniyar Girkawa mai kan zaki da jikin akuya da wutsiyar maciji. Har gobe da wannan sunan likitocin dashe ke amfani.

Sai Toronto ta Kanada. Ernest McCulloch likita ne, James Till kuma masanin fiziks. Suna yi wa ɓerayen da aka haska allurar ɓargo, sai McCulloch ya lura da wasu 'yan ƙulli-ƙulli a kan saifa bayan kamar kwana goma. Da aka ƙirga, yawan ƙullin yana tafiya da yawan ƙwayoyin da aka sa: kamar ƙulli ɗaya ga kowace ƙwaya dubu goma. Suka wallafa a 1961. Amma shin kowane ƙulli zuri'ar ƙwaya ɗaya ce, ko taron dangi ne? A 1963 su da ɗalibinsu Andrew Becker suka yi wata dabara da nake gani ta fi duk sauran kyau. Suka ɗan haska ɓargon da za a dasa, yadda wasu ƙwayoyi za su sami tabo a sandunansu, kowace da irin nata tabon. In ƙulli daga uwa ɗaya ya fito, duk 'ya'yan cikinsa za su zo da tabo iri ɗaya. Haka kuwa aka gani. Daga nan ne ƙwayar tushe ta tashi daga zato ta zama abin da ake ƙirgawa.

A ɓangaren mutane kuwa an yi gaggawa, an kuma sha wuya. E. Donnall Thomas ya ba da rahoton majinyata shida da ya sa wa ɓargo a 1957, babu wanda dashen ya zauna masa. Garkuwar jiki ba ta yarda da baƙo: ko jikin ya kori ɓargon, ko ɓargon ya juyo ya far wa jikin. Thomas ya koma kan karnuka shekara da shekaru yana koyon yadda ake dace mai bayarwa da mai karɓa. Sai a 1968 aka sami nasarar da ta tsaya, a Minnesota, inda Robert Good ya dasa wa wani jariri ɓargon 'yar uwarsa. Thomas ya karɓi kyautar Nobel a 1990. Ko tsakanin 'yan uwa ciki ɗaya, uwa ɗaya uba ɗaya, damar a dace ɗaya ce cikin huɗu. Mu da muke da gidaje masu ɗakuna da yawa, sai a lura: 'yan uba ba kasafai suke cika wannan sharaɗi ba.

To a nan wata matsala ta taso. Ba za ka iya haska mutum lafiyayye ka yanka saifarsa ka ƙirga ƙulli ba. Ta yaya za a gwada ƙwayar tushen ɗan Adam? In ka sa ta a ɓera, garkuwar ɓeran ta cinye ta nan take. Mafita ta zo a 1983, da Melvin Bosma ya ba da rahoton wasu ɓeraye a Philadelphia da aka haifa da naƙasasshiyar garkuwa. Gida ba mai gadi. A 1988 ɗakunan bincike uku, ciki har da na Irving Weissman a Stanford da na John Dick a Toronto, suka nuna ana iya raya ƙwayoyin jinin mutum a jikin ɓeraye marasa garkuwa. Aka yi ta kyautata irin, har a 2005 aka fitar da wanda ake kira NSG a ɗakin binciken Jackson da ke Amurka, wanda ya fi na baya karɓar baƙo nesa ba kusa ba. Ɓerayen nan ba ƙaramar wahala suke sha ba, shi ya sa jami'o'i ke da kwamitocin da sai sun amince kafin a taɓa ko guda.

Yadda ake gwajin yana da daɗin ji. Ƙwayar mutum tana sanye da riga dabam da ta ɓera, wato sinadaran da ke bayanta. Sai a haɗa wani rini da ba ya kama komai sai rigar mutum, a ɗebi ɓargon ɓeran bayan wata uku ko huɗu ko biyar, a bi da shi ta na'urar da ke ƙirga ƙwayoyi ɗai-ɗai. Za ta ce maka kashi kaza na mutum ne. Wannan ma bai wadatar ba. Sai an ɗebi ɓargon wannan ɓeran an sa wa na biyu, shi ma jinin mutum ya tsiro a jikinsa, sannan a yarda cewa tushe ne na gaske, ba 'yar rakiya ba. Da wannan hanya ɗakin binciken Dick ya nuna a 1994 cewa ita ma sankarar jini tana da nata ƙwayoyin tushen. A 2011 kuma suka sa wa ɓera ƙwayar mutum guda ɗaya tak, ta haifi nau'o'in jini. Daga guntuwar sandar Harwell zuwa nan, shekara 55 kenan.

An ƙirƙiro wasu shaidun. Akwai wata halittar teku mai kama da lema, jikinta na fitar da koren haske. Osamu Shimomura ya ware sinadarin a 1962, Martin Chalfie ya nuna a 1994 cewa ana iya dasa gadonsa a wata halitta ita ma ta yi kore, aka ba su Nobel a 2008 tare da Roger Tsien. Akwai masu aron hasken maƙesu, ƙwaron nan mai walƙiya da dare, su sa wa ƙwaya, su ɗauki hoton ɓeran da ransa a cikin akwati mai duhu, su ga inda hasken ya taru. Akwai masu cusa wa ƙwaya ɓurɓushin ƙarfe don ta fito a hoton asibiti. Akwai kuma wani yanki na zaren gado da ake kira Alu, wanda ya maimaitu fiye da sau miliyan a ƙwayar mutum amma ɓera ba shi da irinsa, don haka ko ƙwayoyi kaɗan suka ɓuya a hantar ɓera ana iya gano su.

Ita ma shaidar tana ruɗi fa. Ka ɗaura wa akuya ƙararrawa, kura ta cinye akuyar, ƙararrawa ta maƙale mata, kai kana jin ƙara a daji kana cewa akuyata na nan. Haka ɓurɓushin ƙarfe yake: ƙwayar ta mutu, masu sharar jiki sun haɗiye ta, hoto yana ta nuna ƙarfe. Koren hasken ma, naman da ya ji rauni yakan yi ɗan ƙyalli da kansa. A 2001 Piero Anversa da mutanensa suka wallafa cewa ƙwayoyin ɓargo sun rikiɗe sun zama tsokar zuciya a ɓera. Duniya ta ɗauka, aka fara gwaji a kan majinyata. A 2004 ɗakunan bincike biyu, na Charles Murry a Seattle da wani a Stanford, suka sake gwajin da shaidu masu ƙarfi, ba su ga wata tsoka ba. A 2018 Jami'ar Harvard ta nemi a janye takardu 31 da suka fito daga ɗakin binciken Anversa. Tsohon farfesa ne fa a Harvard. In har irinsa sai an bi sawunsa, ina ga mai status a WhatsApp?

Wani gwajin na 2009 ya shafi masu tafiya waje a yi musu ƙarin ruwan "sitem sel". Ɗakin binciken Darwin Prockop a Amurka ya sa wa ɓeraye masu ciwon zuciya wani nau'in ƙwayar tushen mutum ta jijiya, suka bi sawu da Alu. Mafi yawan ƙwayoyin a huhu suka maƙale, cikin 'yan kwanaki suka ɓace, ɗan ƙalilan ne suka kai wasu sassan jiki. Abin dariya, zuciyar ɓerayen ta ɗan yi sauƙi, saboda wani sinadarin rage kumburi da ƙwayoyin suka saki kafin su mutu. Wato tunanin Jacobson da aka kayar a 1956 ya dawo ta bayan gida, a wani fagen dabam. Amma rage kumburi na 'yan kwanaki dabam, gina sabuwar gaɓa dabam.

Wani lokacin kuma ƙwayar takan zauna, zaman ya zama masifa. Wani yaro daga Isra'ila mai ciwon gado na ƙwaƙwalwa, iyayensa sun riƙa kai shi Mosko tun daga 2001 ana yi masa allurar ƙwayoyin 'yan tayi. Bayan shekara huɗu aka ga ƙari a ƙwaƙwalwarsa da lakarsa. Da likitocin Isra'ila suka ciro na lakar suka duba, sai ga ƙwayoyin mace a ciki, alhali yaron namiji ne. Ƙarin daga alluran ya tsiro, kuma daga mutum aƙalla biyu. An wallafa a 2009.

Mu dawo kan sikila, tunda ita ce tamu. Najeriya ta fi kowace ƙasa yawan masu ita: ana ƙiyasta jarirai kamar 150,000 duk shekara, kuma kusan mutum ɗaya cikin huɗu yana ɗauke da AS. An gano dashe na warkar da ita ne ba da niyya ba. A 1984 likitocin asibitin St. Jude a Amurka suka ba da rahoton wata yarinya 'yar shekara takwas mai sankarar jini da sikila a haɗe. Don sankarar aka dasa mata ɓargon ɗan uwanta, sai sikilar ma ta tafi. A gida, Dakta Nosakhare Bazuaye da tawagarsa sun yi dashe na farko a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Benin a 2011, ga wani yaro ɗan shekara bakwai, da taimakon likitocin Basel ta Suwizalan. A 2024 Asibitin Koyarwa na Jami'ar Legas tare da Gidauniyar Sikila ta Najeriya suka fara nasu. Sabon maganin nan Casgevy, da ake gyara ƙwayoyin majinyaci a mayar masa, wanda Birtaniya da Amurka suka amince da shi a ƙarshen 2023, farashinsa dala miliyan 2.2 ne. Shi ma sai da aka gwada gyararrun ƙwayoyin a ɓeraye marasa garkuwa kafin a kusanci mutum.

Duk wanda aka yi wa dashe na gaske, ga abin da yake bi. A nemo wanda ya dace da shi. A ba shi magunguna masu ƙarfi su share masa ɓargo ko su danne garkuwarsa. A sa ƙwayoyin da ransu ta jijiya. Ya yi makonni a killace, ko ziyara da ƙa'ida. Akwai haɗarin rasa haihuwa, akwai na rasa rai, kuma likitan kirki zai faɗa wa iyaye wannan tun kafin a fara. Bayan haka sai a yi ta ɗibar jininsa lokaci-lokaci ana gwajin kaimera, jikan gwajin Harwell: kashi nawa na mai bayarwa ne, kashi nawa na mai gida? In mace ce ta karɓa daga namiji, sandar maza ma kaɗai shaida ce. Abin sha'awa, masu bincike a Cibiyar Lafiya ta Amurka sun nuna cewa ko kashi 20 cikin 100 na ɓargon ya zama na mai bayarwa, yana iya riƙe mutum. Dalili kuwa, jajayen ƙwayoyin sikila kwana 10 zuwa 20 suke yi, lafiyayyun kuma 120, sai 'yan tsirarun su rinjayi masu yawa a cikin jini.

Yanzu a auna garin leda da wannan ma'auni. A jikin kwalin yawanci za ka ga an rubuta daga tuffa ko inabi aka samo shi. Ƙwayar tsiro ce, an busar da ita, ta mutu. Ka haɗiye, ciki ya narkar da ita kamar yadda yake narkar da zogale. Ko da ta mutum ce mai rai, ba ta da hanya daga hanji zuwa ɓargo, in ma ta sami hanya garkuwar jiki na jiranta a ƙofa. Sai ka tambayi mai tallar, cikin mutunci: Malam, a wace dabba aka sa, wace shaida aka yi wa ƙwayar, bayan wata nawa aka duba, kashi nawa aka samu? Lambar NAFDAC a kan kayan ƙarin abinci ba shaidar yana warkar da cuta ba ce, a jikin irin waɗannan kaya ma akan rubuta cewa hukumar ba ta tantance iƙirarin ba.

Masu nuna takarda biyu kuwa, ta da SS ta yanzu AS, a tambaye su ko an yi wa yaron ƙarin jini a 'yan watannin nan. Jinin da aka ƙara yana ɗauke da A, kuma zai yi ta fitowa a gwaji har kusan wata uku kafin ya ƙare. Ga kuma kuskuren ɗakin gwaji, wanda shi ya sa ake son a maimaita a wuri na biyu. Abin da ya fi tayar min da hankali shi ne iyayen da za su ga irin wannan takarda su ajiye maganin asibiti. A nan Kano aka yi binciken da aka wallafa a 2022, a asibitin Malam Aminu Kano da na Murtala tare da Barau Dikko na Kaduna, a kan yara 220, wanda ya ƙarfafa amfani da haidiroksiyuriya wajen kare yara masu sikila daga shanyewar jiki. Wannan yana hannu, daga Kwanar Dangora zuwa birni ba wata tafiya ba ce.

Akwai wani abu da ya kamata waliyyai su sani tunda doka ta zo. Wanda aka yi wa dashe na gaske ya warke, in aka gwada jininsa za a ga AA ko AS, irin na wanda ya ba shi. Amma dashe ɓargo ya canza, bai taɓa maniyyi ko ƙwan mace ba. Duk ɗan da ya haifa zai gaji S daga gare shi. In ya auri mai AS, kowane ciki rabi da rabi ne: ko AS ko SS.